Lita Nawa Ce a Jarkar Gidanku?



Aikina a nan shi ne tafinta. Ina zama kusa da jami'ar kariya, abin da kuka faɗa da Hausa in mayar mata da Faransanci, abin da ta faɗa in mayar muku da Hausa. A cikin wannan aiki babu maganar da take ba ni wuya kamar maganar ruwa. Kwanakin baya wata uwa ta zo da kukan cewa ruwa ba ya isar gidanta. Jami'ar ta tambaye ta lita nawa take samu a yini. Ta ce, "Jarka huɗu, wani lokaci da bokiti ɗaya." Jami'ar ta juyo ta dube ni, ni kuma na rasa abin da zan ce, domin ban ga jarkar ba, ban ga bokitin ba. Matar tana da gaskiya, amma takardar da ke gaban jami'ar da lita take magana. Sai da muka taka har gidan muka duba kayan ɗibar ruwan kafin a iya rubuta ƙorafinta.

Shi ya sa na nemi fili a wannan fitowa don mu yi bayanin awon ruwa dalla-dalla. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabtansa.

Mece ce lita?

Dukanmu mun san awon hatsi. Mun san kuma kwanon awo na wannan kasuwa yakan bambanta da na waccan, har mai saye ya kan tambaya da wane mudu ko wace tiya za a auna masa. Lita ba haka take ba. Lita ɗaya a Maraɗi ita ce lita ɗaya a Sakkwato, ita ce a Katsina, ita ce a Yamai. Saboda haka ne likitoci da ma'aikatan ruwa suke aiki da ita.

A jikin kwalabe da ledoji za ku ga haruffa iri uku bayan lamba. Harafin L yana nufin lita. Haruffan cl suna nufin santilita, guda 100 ne suke yin lita ɗaya. Haruffan ml suna nufin mililita, guda 1000 ne suke yin lita ɗaya. Ke nan idan kuka ga 50 cl, ko 500 ml, ko 0,5 L, duk abu ɗaya ake nufi, wato rabin lita. Ku lura da wani ɗan bambanci: a Najeriya ana rubuta lita ɗaya da rabi da ɗigo, 1.5, a nan Nijar kuwa da waƙafi ake rubutawa, 1,5. Ruwan da ke ciki ɗaya ne.

Awon abubuwan da muka saba gani

Ledar ruwan sanyi da ake sayarwa a kasuwa, mai rubutun 50 cl: rabin lita. Biyu su ne lita ɗaya.
Babbar gorar ruwa ta roba mai rubutun 1,5 L: lita ɗaya da rabi, wato leda uku.
Ƙaramar jarka mai laushi da akan raba cikin kayan agaji: yawanci lita 10.
Bokitin agaji mai murfi: da yawa daga cikinsu lita 14 ne.
Garwar kananzir ta da, wadda dattawa suka sani: kusan lita 18.
Jarka babba: akwai mai lita 20, akwai mai lita 25.
Duro, wanda a nan ake cewa tano: kusan lita 200.
Babban tanki ko motar ruwa: akan rubuta m3 a jiki. Kowane m3 ɗaya lita 1000 ne.

A yi hattara da kalmar galan. Galan na Turawan Ingila lita huɗu da rabi ne, na Amurka bai kai lita huɗu ba, a bakin mutanenmu kuwa kowace ƙaramar jarka galan ce. Idan wani ya ce muku galan, ku tambaye shi lita nawa yake nufi.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne jarka mai lita 20 da mai lita 25. Daga nesa kusan kamarsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai lita biyar. Wadda ta ɗebo jarka huɗu masu lita 25 ta kawo lita 100, wadda ta ɗebo huɗu masu lita 20 ta kawo lita 80. Dukansu za su ce "jarka huɗu," alhali ɗaya ta fi ɗaya da jarka guda cur. Yawancin jarkoki suna da lamba a jiki, a gefe ko a gindi. Ku kifa taku ku duba.

Yadda za ku auna kayan gidanku

Tulu, randa, buta, baho, moɗa da kofi ba su da lamba, kuma kowanne da girmansa. Aikin yini ɗaya ne a auna su, daga nan an huta.

Da farko ku samu gorar roba mai lita ɗaya da rabi, ku wanke ta sosai. Ku zuba mata ruwan leda biyu masu 50 cl, ko ku cika ƙaramar gora mai 50 cl sau biyu ku juye a ciki. Ku ajiye ta a wuri mai daidai, ku ja layi da biro ko ku ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya. Wannan layi shi ne lita ɗaya. Gorar nan ta zama mudun ruwan gidanku, kada a bar yara su ɗauke ta zuwa wasa.

Daga nan sai ku riƙa cika ta zuwa layin kuna juyewa a abin da kuke son aunawa kuna ƙirgawa. Idan tulu ya ci goma sha biyu, tulunku lita 12 ne. Don babban abu kamar randa, ku yi amfani da jarkar da kuka riga kuka san awonta. A jikin bokiti ku sa alama a wurin lita 5 da wurin lita 10, za ku ga amfaninta nan gaba. Ruwan da kuka yi awon da shi ba a zubar ba, a yi aikin gida da shi.

Idan jarka ba ta da lamba, ku cika ta da babbar gorar nan a cike. Idan ta ci gora 13 da ɗan ƙari, mai lita 20 ce. Idan ta ci kusan gora 17, mai lita 25 ce. Jarkar da ta lotse ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta, ita ma a auna ta.

Ruwa nawa ya kamata gida ya samu?

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'auni: lita 20 ga kowane mutum a kowace rana idan zama ya daidaita. A lokacin gaggawa, kamar sa'ad da mutane suka iso da yawa a lokaci ɗaya, abin da ƙungiyoyin agaji suka amince a kai shi ne kada ya gaza lita 15. Wannan ruwa ya haɗa na sha, na girki, na wanka da na wanki. Kuma kowane rai ake ƙirgawa, har jaririn da ke goye.

Lissafin mai sauƙi ne: mutum ɗaya, jarka ɗaya mai lita 20 a yini. Bari mu ɗauki gida mai mutum bakwai, uba da uwa da yara huɗu da kaka. Bakwai sau 20 ya ba da lita 140. Idan jarkarsu mai lita 20 ce, jarka bakwai ke nan. Idan mai lita 25 ce, jarka biyar da ɗan fiye da rabi. Idan da bokiti mai lita 14 suke ɗiba, bokiti goma. A ma'aunin gaggawa na lita 15 kuwa, gidan nan yana buƙatar lita 105, wato jarka biyar masu lita 20 da kwata.

Za a iya juya lissafin ta baya. Matar da na ambata a farko tana da mutum takwas a gida. Jarkokinta masu lita 20 ne, huɗu sun ba da lita 80, da bokiti ya zama 94. Idan aka raba wa mutum takwas, kowa bai samu lita 12 ba. Da aka rubuta haka, magana ta fito fili, babu wanda zai ce surutu ne kawai.

Haka ma manyan ma'ajiyai. Duro ɗaya jarka goma ne masu lita 20, ko takwas masu lita 25, abin da zai ishi mutum goma yini ɗaya. Motar ruwa mai rubutun 10 m3 tana ɗauke da lita 10,000, wato jarka 500, rabon mutum 500 na yini ɗaya. Idan unguwa tana da mutum dubu kuma mota ɗaya irin wannan ce ta zo, kowa ya san rabin abin da ake buƙata ne ya iso. 'Yan kwamitin ruwa su riƙe wannan lissafi.

Masu dabbobi su tuna cewa lita 20 ɗin nan na mutane ne. Akuya ko tunkiya tana buƙatar kusan lita 5 a yini, saniya ko jaki lita 20 zuwa 30. Saniya ɗaya na iya shanye rabon mutum guda. Idan kuna da dabbobi ku faɗa wa kwamiti domin a san da su a lissafi, kada a riƙa rage na yara ana ba su.

Agogo ma yana auna ruwa

Bisa ma'aunin ƙungiyoyin agaji, kan famfo ɗaya mai ƙarfi daidai yana zubo lita bakwai da rabi a minti ɗaya. Ke nan jarka mai lita 20 ya kamata ta cika kafin minti uku. Idan kuka ga tana cin minti shida ko bakwai, ƙarfin ruwan ya ragu da rabi, kuma layin zai ninka. Mai waya ya duba agogo ya rubuta. Ma'aunin ya kuma ce kada nisan gida da wurin ɗibar ruwa ya wuce mita 500, kada jiran layi ya wuce minti 30.

Akwai kuma nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, rabin buhun siminti. Iyaye, ku tuna da wannan kafin ku ɗora wa yarinya 'yar shekara takwas ko tara. A ba yara ƙaramar jarka mai lita 5 ko 10, manya su ɗauki babba. Haka mace mai tsohon ciki da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba.

Inda kuskuren awo ke da haɗari

A lissafin ruwan wanka ko wanki, ko an yi kuskuren lita ɗaya ko biyu ba komai. A wurare uku ne ba a son kuskure ko kaɗan.

Na farko shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. Ƙullin da aka fi rabawa a asibiti ana narka shi ne a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma ku duba rubutun da ke jiki ko ku tambayi ma'aikacin lafiya, domin akwai ƙananan ƙulli na rabin lita. Na taɓa ganin wata uwa ta juye ƙulli guda a kofin shayi, tana ganin idan ya yi kauri zai fi aiki. Allah ya sa wata ma'aikaciya ta gani kafin yaron ya sha. Gishirin da ya yi yawa yana ƙara janye ruwa daga jikin yaro, yana iya sa shi jijjiga, har ya kai ga rasa rai. Idan kuma ruwan ya yi yawa maganin ba zai yi aikinsa yadda ya kamata ba. Ga inda gorar nan mai layi take da amfani: a cika zuwa layi, a zuba ƙulli ɗaya gaba ɗaya, a girgiza. Kada a raba ƙullin da ido. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100. Daga shekara biyu zuwa goma, mililita 100 zuwa 200. Don ku gane a ido: ledar ruwa ɗaya mililita 500 ce, idan kuka raba ta gida biyar, kashi ɗaya shi ne 100. Ku auna wannan a kofin yaron ku sa alama. A ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da ba shi nono. Idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Idan idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a gudawar, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Idan babu ƙullin asibiti kuma dare ya yi, ana iya haɗawa a gida kafin a kai yaron: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida, gishiri rabin cokalin shayi. Kowane cokali a shafe bakinsa, kada ya yi tsororo. Ku ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye.

Na biyu shi ne maganin tsabtace ruwa. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa, irin su Aquatabs, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda aka yi don lita ɗaya, akwai ta lita 10, akwai ta lita 20. Duk lokacin da aka raba muku, ku tambayi mai rabawa: ƙwaya ɗaya, lita nawa? Sannan ku faɗa masa awon jarkarku. Idan aka jefa ƙwayar lita 10 a jarka mai lita 25, ruwan zai yi kamar an sa magani alhali ƙwayoyin cuta suna nan. Idan aka jefa ta lita 20 a ƙaramin tulu, warin zai hana yara sha, su koma shan ruwan da ba a tsabtace ba. Bayan an jefa a rufe, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya gurɓace da laka a bari ya kwanta a tace da ƙyalle tukuna, kuma a tambayi masu wayar da kai kan tsabta, domin ruwa mai laka awonsa daban ne.

Akwai kuma hodar da ake kira PUR. Ƙulli ɗaya na lita 10 ne daidai, a nan ne alamar da kuka sa a bokiti za ta yi aiki. A zuba, a motsa minti biyar, a bari ya kwanta minti biyar, a tace da ƙyalle mai tsabta, a jira minti 20. Dattin da ya kwanta a zuba a masai, nesa da yara da kaji.

Na uku shi ne maganin yara na ruwa. Idan likita ya ce 5 ml, cokalin shayi ɗaya na awo yake nufi. Babban cokali na awo 15 ml ne, ninki uku. Cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, saboda haka ku yi amfani da murfi ko cokalin da ya zo tare da maganin. Idan bai zo da shi ba, kada ku bar asibiti sai an nuna muku da hannu.

Tattalin abin da ke hannu

Mai auna ruwansa ya fi sanin inda yake tafiya. Ku gwada auna buta, za ku iya tarar da ana kashe lita biyu a alwala ɗaya. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, yana wanka da sa'i, wato mudu huɗu, kuma a ƙiyasin malamai da yawa wannan mudu bai kai lita ɗaya ba. Ruwan ɗaurayar tufafi yana yin wankin masai ko yayyafin tsakar gida. Amma abu biyu ba a tsuke musu hannu: ruwan sha, musamman ga mai shayarwa da yara a lokacin zafi, da ruwan wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da kafin cin abinci. Ruwan sha a ware masa jarkarsa mai murfi, kada a riƙa tsoma moɗa da hannu a ciki.

Me ya haɗa ofishin kariya da maganar ruwa?

Wani zai ce wannan ai aikin masu famfo ne. Abin da muke gani a ofis shi ne, duk lokacin da ruwa ya yi ƙaranci, mata da 'yan mata ne suke fita da asuba ko bayan magariba zuwa rijiyoyi masu nisa. A nan ne ake tare su a hanya, a nan ne kuma ake samun saɓani da mutanen garin da suka karɓe mu, waɗanda su ma da rijiyoyin nan suka dogara. Faɗa a bakin famfo, yara su rasa makaranta saboda layi, duk daga ƙarancin ruwa suke farawa. Idan aka san gibin da wuri, ana iya gyarawa kafin ya kai ga haka.

Ku sani kuma, babu wanda yake da ikon ya nemi wani abu na rashin mutunci a wurin mace ko yarinya don ya ba ta ruwa ko ya sa ta gaba a layi, ko wane ne shi. Wadda hakan ta faru da ita ta zo ofishin kariya. Maganar za ta tsaya a sirri, kuma akwai mace da za ta saurare ta.

Idan za ku kawo ƙorafi kan ruwa, ku zo da abu huɗu: yawan mutanen gidanku, awon jarkarku ko bokitinku, sau nawa kuke cikawa a yini, da tsawon lokacin da kuke yi a layi. Idan da hali ku ƙirga na kwana uku a jere, ko da da tsakuwa ne ko zane a bango. Ba sai kun iya rubutu ba, ni zan rubuta. Wanda lissafin ya rikice masa ya ɗauko jarkarsa ya same ni a ofis ko ya tsayar da ni a hanya, mu auna tare. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Amin.

Daga tafintan ofishin kariya